Tafiyar Sarki da Yadda Yake Ci a Wasan Ces

Wanda ya saba da dara ko dirafti a majalisun Sakkwato, idan ya zauna gaban allon ces, sarki ne ke fara rikita shi. A ces ba a tsallake ɗa don a ci shi, kuma shi sarki ba a cin sa sam. Tarko ake yi masa har ya rasa mafita, wasa ya ƙare.

Allon gida 64 ne, takwas a tsaye takwas a kwance. Kowane gida ana kiransa da harafi (a zuwa h, a kwance) da lamba (1 zuwa 8, a tsaye). Farin sarki yana farawa a e1, baƙi a e8. Sarki taku ɗaya yake yi duk inda ya so: gaba, baya, gefe ko a karkace. A tsakiyar allo yana da gidaje 8, a bakin allo 5, a kusurwa 3 kacal, shi ya sa ake kora shi gefe idan ana neman gamawa da shi.

Sharaɗin da ya ɗaure komai shi ne sarki ba ya taka gidan da ɗan abokin karawa ke iya ci. Don haka sarakuna biyu ba sa maƙwabtaka, dole a samu gida ɗaya a tsakaninsu. Amma tsayawa daidai gaban soja babu laifi, tunda soja a karkace yake ci.

Cinsa kamar tafiyarsa ne: ya hau gidan ɗan da ke kusa, a ɗauke wancan. Kafin ka miƙa hannu, duba wa ke gadinsa. A ce sarkinka na e1, baƙar sarauniya ta sauka e2. In ita kaɗai ce, cinye ta. In baƙin sarki na e3 bayanta, ba ka da ikon taɓa ta, d1, f1, d2 da f2 duk nata ne, an gama da kai. Har ɗan da aka ɗaure, wanda ba zai iya motsawa ba don yana kāre nasa sarkin, gadinsa yana aiki. Wannan kam ko waɗanda suka jima suna wasa sukan yi gardama a kai.

Idan aka yi maka cek, wato aka kai wa sarkinka hari, mafita uku ce: kauce, ci mai barazanar, ko sa wani ɗa a tsakani. Doki ba a tare shi. In 'ya'ya biyu suka kawo cek lokaci guda, sai sarki ya tashi da kansa. Kuma kada ka ja da baya a kan layin harin: hasumiyar abokin karawa (ɗan da ke tafiya a miƙe, tsaye ko kwance) na a1, sarkinka na e1, f1 ba mafaka ba ce, domin da ka tashi layin ya buɗe har can.

Sau ɗaya a wasa sarki ke taku biyu, wato kasilin. Daga e1 ya je g1, hasumiya ta dawo f1, ko ya je c1 ta dawo d1. Sai dai dukansu ba su taɓa motsawa ba, tsakaninsu babu kowa, sarki ba ya cikin cek, kuma gidan da zai ratsa da wanda zai sauka ba a kai musu hari. Ita hasumiya ko ana harinta ba komai. Sarki za ka fara ɗagawa. In ka fara kama hasumiya, ita kaɗai za ka motsa.

A gasar da ke bin dokokin FIDE, hukumar wasan ces ta duniya, motsin da ya saɓa doka na farko ana ƙara wa abokin karawarka lokaci, na biyu faɗuwa ne.

Mai rinjaye ma ya kula. Baƙin sarki na h8 shi kaɗai, ka ajiye sarauniya a g6: ba cek, kuma ba inda zai taka. Canjaras ke nan, ko da 'ya'yanka sun cika allo.