Rumbun Batura a Bayan Katanga: Kurakuran da Masu Fafutuka Suka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

A ranar 16 ga Janairun 2025 wuta ta tashi a tashar adana lantarki ta kamfanin Vistra da ke Moss Landing, a gundumar Monterey ta jihar Kaliforniya a Amurka. Ginin da ya kama yana ɗauke da baturan megawat 300, an jere su cikin tsohon zauren injinan wata tashar lantarki. Hukuma ta kwashe mutane sama da 1,000 daga gidajensu, ta rufe babbar hanyar da ke bin gaɓar teku, 'yan kwana-kwana kuma suka ja gefe suka bar wutar ta ci abin da za ta ci, don ruwa ba ya kashe irinta yadda yake kashe wutar katako. Bayan kimanin wata guda sai ga ta ta sake tasowa daga cikin ɓaraguzan.

Gobarar ta zaburar da mazauna unguwanni daga Kaliforniya zuwa New York har ƙauyukan Ingila, duk inda aka ce za a kawo musu irin wannan rumbu kusa da gidaje. Ni ina tare da su ɗari bisa ɗari, domin haƙƙin mutum ne ya san abin da za a jibge a bayan katangarsa. Sai dai baturan nan ba za a daina gina su ba. Su ne ke riƙe wutar da rana ta bayar da tsakar rana, su sake ta bayan magariba, kuma Kaliforniya kaɗai ta wuce megawat 13,000 na irinsu kafin ƙarshen 2024. Abin da ya rage a hannun jama'a shi ne inda za a ajiye su, da yadda za a gina su, da wanda zai ɗauki asara idan abu ya ɓaci. A nan ne ƙungiyoyi da yawa ke shan kaye da gaskiyarsu a hannu.

Zuwa a makare, ko buga ƙofar da ba ita ba

Galibi mutane ba sa motsawa sai sun ga an fara share fili. A lokacin an riga an ba da izini, wa'adin kai ƙorafi ya wuce, kamfani ya zuba kuɗinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ranar da kuka ji ƙishin-ƙishin, a ranar za ku tura mutum ofishin tsara gari ya karɓo kwafin takardar neman izini, ya rubuto ranar zaman jin ra'ayin jama'a da ranar rufe karɓar ƙorafi.

Sannan ku bincika wa ke da wuƙa da nama. Mutanen Morro Bay, wani ƙaramin gari a gaɓar tekun Kaliforniya, sun yi aiki tuƙuru a kan shirin Vistra na gina rumbun megawat 600 a filin tsohuwar tashar lantarkin garin. A Nuwamban 2024 suka ci ƙuri'ar da ta ce ba za a sauya amfanin filin ba sai da yardar masu zaɓe. Amma tun kafin ranar ƙuri'ar kamfanin ya sanar cewa zai bi ta hannun jiha, saboda wata doka ta 2022 mai suna AB 205 ta ba Hukumar Makamashi ta Kaliforniya ikon amincewa da manyan ayyuka ko da ƙaramar hukuma ba ta so. Aikin dai ya tsaya cik daga baya, amma wanda duk ya tara ƙarfinsa a zauren ƙaramar hukuma kaɗai ya sani akwai wata ƙofar a sama, kuma dole a sa mutum ya tsare ta.

Ɗaukar "ba ma so" a matsayin buƙata

Wannan ne kuskuren da ya fi cin mutane. A cika zaure, a ɗaga kwalaye, kowa ya tashi ya ce yana tsoron gobara, a watse. Jami'in da ke ba da izini ba zai iya rubuta tsoro a cikin sharuɗɗa ba. Abin da zai iya rubutawa shi ne tazarar mita kaza, ruwa lita kaza, hanyar shiga guda nawa. Idan ba ku kawo masa waɗannan ba, da na kamfani zai yi aiki.

Ba sai kun ƙirƙiro su ba, akwai inda za ku ɗauko. Majalisar Shugabannin Hukumomin Kashe Gobara ta Birtaniya ta fitar da jagora a 2023 wanda ya ba da shawarar a fara da tazarar mita 25 tsakanin baturan da ginin da mutane ke ciki, a samar da hanyoyin shiga aƙalla biyu saboda juyawar iska, a kuma tanadi ruwan da zai kai lita 1,900 a minti ɗaya har tsawon awa 2 don sanyaya abin da ke kewaye. A Amurka akwai ƙa'idar NFPA 855 kan yadda ake girka irin waɗannan batura, da gwajin UL 9540A wanda ake tayar wa batir wuta da gangan a ga ko za ta tsallaka zuwa na kusa da shi. Ku nemi a nuna muku rahoton gwajin, na ainihin samfurin da za a kawo muku, ba na wani ɗan'uwansa ba. A jihar New York, bayan gobara uku a 2023 a East Hampton da Warwick da Chaumont, gwamna Kathy Hochul ta kafa kwamitin hukumomi, kuma cikin shawarwarinsa har da cewa ƙwararru masu zaman kansu su duba takardun aiki, masu aikin kuma su biya kuɗin dubawar. Wannan buƙata ce da ƙaramar ƙungiya za ta iya tsayawa a kai ta samu, domin ƙaramar hukuma ba ta cika samun injiniyan da zai iya karanta rahoto irin wannan ba.

Ko a majalisa haka abin yake. Bayan Moss Landing, 'yar majalisar dokokin Kaliforniya Dawn Addis ta kawo ƙudirin da zai hana gina rumbu cikin ƙafa 3,200, kusan kilomita ɗaya ke nan, daga gidaje da makarantu da asibitoci. Ƙudirin ya maƙale. Na sanata John Laird, wanda ya tilasta wa kamfani zama da hukumar kashe gobara kafin neman izini da kuma duba wurin kafin a kunna shi, ya zama doka a Oktoban 2025. Ba ina cewa a daina neman tazara mai yawa ba. Ina cewa duk adadin da za ku ambata, ku zo da dalilinsa, misali lissafin inda hayaƙi zai kai idan iska ta kaɗa ta wajen makarantar unguwa.

Yi wa batura duka kuɗin goro

Za ka ga an buga hoton Moss Landing a takardar gangami alhali abin da za a gina kwantenoni ne a fili, kowace da tazararta. Wakilin kamfani zai tashi cikin minti biyu ya bayyana cewa baturan Moss Landing na nikel da manganis da kobalt ne, an cusa su cikin gini ɗaya, nasu kuwa na ƙarfe da fosfet ne, waɗanda ake kira LFP, a waje. Zai ƙara da binciken EPRI, wata cibiyar nazarin harkar lantarki a Amurka, da ya nuna yawan haɗurra, idan aka auna da yawan baturan da ke aiki, ya ragu da kashi 97 cikin ɗari tsakanin 2018 da 2023. Gaskiya ya faɗa, kuma daga nan duk abin da kuka ƙara faɗa za a saurare shi da rabin kunne.

Gyaran shi ne ku riga shi faɗa. Ku amince cewa tsarin ya inganta, sannan ku nuna cewa da sharaɗi ya inganta. A Yulin 2021 wuta ta kama a babban rumbun jihar Victoria kusa da Geelong a Ostiraliya lokacin gwaji, sanadiyyar yoyon ruwan sanyaya, amma akwatuna biyu kawai ta ci daga cikin sama da 200. Rarraba batura a akwatuna daban-daban a waje shi ne ya taƙaita ɓarnar, don haka shi za ku nemi a rubuta. Kada kuma ku faɗa ɗaya ramin, ku yarda da mai cewa LFP ba ya kamawa. Ya fi jure zafi, amma idan ya lalace yana fitar da iskar gas mai fashewa. Rumbun da ya fashe a Beijin a Afrilun 2021 ya kashe 'yan kwana-kwana biyu, na LFP ne.

Kallon harshen wuta, a manta da iskar gas

A ranar 19 ga Afrilun 2019 aka ga hayaƙi na fita daga wani ƙaramin rumbu na megawat 2 a garin Surprise na jihar Arizona. Ƙwayar batir ɗaya ce ta lalace, zafinta ya kama ta kusa da ita, ita ma ta kama ta gaba, har jeri guda ya tafi. Na'urar kashe gobara ta ciki ta fesa sinadarinta, amma ba ta iya tsayar da zafin ba, iskar gas kuma ta yi ta taruwa a ɗakin da ba shi da mafita. 'Yan kwana-kwana suka iso, suka daɗe suna auna iska a kewayen wurin, da suka ga abin ya lafa sai suka buɗe ƙofa. Bayan ɗan lokaci kaɗan wurin ya fashe. Huɗu suka ji munanan raunuka, ɗaya an yi jifa da shi sama da mita 20.

Saboda haka tambayar "kuna da na'urar kashe gobara?" ba ta wadatar ba, kowane kamfani zai ce yana da ita. Ku tambaya ta ina gas zai fita, me ke gano shi, kuma wa zai gaya wa 'yan kwana-kwana kada su buɗe ƙofa. Ku je ofishin kashe gobara na yankinku da kanku, cikin girmamawa, ku ji ko an taɓa nuna musu taswirar wurin, ko an ba su horo, kuma da kuɗin wa. Sau da yawa su ne abokan tafiyar da ƙungiyoyi ke mantawa da su, alhali su ne za su tsaya gaban wutar, kuma maganarsu a zaman jin ra'ayi ta fi kwalaye ɗari nauyi. Ku tambayi inda ruwan da aka fesa zai gangara, don kada ya bi kwata ya shiga rafi ko rijiya. Ku tambayi yadda saƙon "ku rufe tagogi" ko "ku fita" zai isa ga tsohuwar da ba ta riƙe waya da ƙarfe biyun dare.

Rashin awon ƙasa da ruwa tun kafin a fara

Bayan gobarar Moss Landing, hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce awon iskar da ta yi bai nuna haɗari ga lafiya ba, mazauna da dama kuwa suna kukan ciwon kai da ƙaiƙayin maƙogwaro da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Abin da ya sa aka saurari batun gurɓata shi ne masana na jami'ar San Jose State, ƙarƙashin Ivano Aiello, sun daɗe suna awon ƙasar fadamar Elkhorn Slough da ke kusa. Da suka sake aunawa suka ga nikel da manganis da kobalt sun yi tashin gwauron zabi, suna da tsohon awo da za su kwatanta. Inda babu wannan, kamfani zai iya cewa dama can haka ƙasar take. Ku sa a cikin sharuɗɗa cewa za a auna ƙasa da ruwan rijiyoyi kafin a sauke batir ko ɗaya, a ba jama'a sakamakon.

Yarda da alkawarin baki, da watsewa bayan izini

Duk abin da wakilin kamfani ya faɗa a taro mai shayi da biskit, in bai shiga takardar izini ba, babu shi. Wuraren nan ana sayar da su daga hannu zuwa hannu, mai shi na gobe bai san da alkawarin na yau ba. A rubuta inshora, a rubuta kuɗin ajiya na kwashe batura idan sun tsufa ko sun ƙone, a rubuta lambar da za a kira dare da rana da tsawon lokacin da ƙwararren kamfani zai ɗauka kafin ya iso.

Kuma kada ƙungiya ta watse ranar da aka ba da izini. Tashar Moss Landing ta samu matsalar ɗumamar batura a Satumban 2021 da Fabrairun 2022 kafin babbar gobarar. Ƙananan matsaloli irin waɗannan su ne ya kamata a wajabta sanar da jama'a a rubuce, a kuma samu mutum biyu ko uku da za su riƙa bibiyar rahoton duba wurin kowace shekara.

A wajenmu, ƙananan tashoshin sola masu ɗakin batura suna ta shiga kasuwanni da asibitoci da ƙauyuka. Girmansu bai kama ƙafar na Kaliforniya ba, amma tambayoyin ɗaya ne, kamar dai yadda muke tambaya idan za a gina gidan mai a tsakiyar unguwa. A Najeriya hukumar NEMSA ce ke da alhakin duba kayan lantarki da ba da shaidar ingancinsu kafin a fara amfani da su. Idan za a kafa ɗakin batura jikin shagonku ko makarantar yaranku, ku nemi ganin takardar shaidar, ku tambayi wane irin batir ne, ta ina iska ke fita daga ɗakin, kuma ko hukumar kashe gobara ta jiha ta taɓa leƙa wurin.