Yadda Ake Aiki da Zanen Kafinta na Intanet: Daga Takarda Zuwa Teburin Sayarwa

Zanen aikin katako ya cika intanet, wani kyauta wani da kuɗi. Mutum zai sauke zanen tebur mai kyau a wayarsa, ya nufi 'yan katako da jerin awo, ya dawo ya yanka komai yadda aka rubuta, amma wajen haɗawa sai ƙafa ta ƙi zama, sama ta zarce ta gefe ɗaya. Yawanci zanen lafiyarsa ƙalau. Matsalar ita ce an yi shi ne don katakon wata ƙasa da iskar wata ƙasa. Kafin ka ɗauki zarto, aikinka na farko shi ne ka sake lissafa zanen a kan katakon da ke hannunka.

Zane nagari yana da abu huɗu: hoton kayan ta gaba da ta gefe da ta sama, jerin gutattsarin da za a yanka da awon kowanne, bayanin irin haɗin da za a yi, da tsarin abin da za a fara haɗawa. Wanda babu jerin yanka a cikinsa hoto ne kawai. Ka kuma guji tallan nan na zane dubbai a dunƙule kan kuɗi kaɗan, domin akasari tsince-tsince ne, wasu ma awonsu bai cika ba. Zane ɗaya cikakke ya fi maka su duka.

Sunan katako daban, awonsa daban

Mafi yawan zanen da ke yawo daga Amurka suke, kuma a can abin da ake kira 2x4 kaurinsa inci 1½ ne, faɗinsa inci 3½, wato milimita 38 da 89. Wanda suke kira 1x12 kuwa inci ¾ ne da inci 11¼. Katakonsu gogagge ne tun daga masana'anta, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Namu ba haka yake ba. In ka shiga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, ko kowace kasuwar katako, ka auna 2x2 guda biyar, da wuya ka sami biyu masu kauri ɗaya, kuma in masu inji suka goge maka, wasu milimitocin za su sake tafiya. Don haka tsarin shi ne: sayi katako, busar da shi, kai shi inji a goge duka zuwa kauri ɗaya, auna abin da ya rage, sannan ka gyara jerin yanka.

Ka mayar da komai milimita tun farko, ka tsaya a kai. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Haɗa ⅜ da 5/16 a ka shi ne mafarin kuskure. Filawud ɗin da zane ya kira inci ¾ milimita 19 ne, wanda za ka samu a kasuwa 18 ne, wani ma bai kai ba. Milimita ɗaya ba komai ba ce a saman tebur, amma in zanen ya ce a sassaƙa kwari filawud ya shiga ciki, wannan ɗayar ce za ta sa shi rawa. Kuma tef ɗaya za ka riƙe daga farkon aiki har ƙarshe, don tef biyu masu araha sukan saɓa wa juna.

Zaɓen katako da busar da shi

Zanen Turawa yakan ɗauka cewa kana aiki da katako mai laushi wanda ƙusa ke shiga ba gardama. Malaina da obeche sun ɗan yi kama da shi: marasa nauyi, masu sauƙin yanka, sun dace da mai koyo. Sai dai obeche ƙwari na son sa, kuma bai riƙe sukuru sosai. Maɗaci da iroko sun fi ƙarfi da kyau, sun fi tsada, kuma in ka buga musu ƙusa kusa da baki ba tare da ka fara huda rami ba, tsagewa za su yi. Ga ƙafar tebur, maɗaci ko busasshiyar malaina sun wadatar.

Abin da ya fi ɓata aikin sababbin hannu shi ne ɗanyen katako. Yawancin katakon da ake sayarwa a Arewa daga dazuzzukan kudu yake zuwa da ruwansa a jiki. Ka haɗa tebur da shi a watan Agusta, ya yi kyau, mai saye ya biya. Hunturu na shigowa iska ta bushe, katakon ya tsuke, gaɓoɓi su buɗe, falanki ya lanƙwashe kamar kwale-kwale. Katako ta faɗinsa yake tsukewa da kumbura, tsawonsa kusan bai motsi, shi ya sa faffaɗan falanki ya fi shan wahala.

Ka jera katakon a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan bulo don kada ya taɓa ƙasa. Tsakanin kowane layi ka sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya, tazarar kamar santimita 50, kowace a saitin ta ƙasanta, ka ɗora nauyi a sama. Kada ka shanya shi a rana, waje zai bushe ciki na jiƙe, ya tsattsage. Ka shafa ragowar fenti a bakunan biyu, don ta nan ruwa ya fi saurin fita. In ba ka da na'urar auna danshi, ka ware guntu ɗaya ka riƙa ɗora shi a sikeli kowane mako kana rubuta nauyin a jikinsa. Ranar da nauyin ya tsaya cak mako biyu a jere, ya bushe. Mai na'ura kuwa ya nemi kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari.

Misali: teburin karatu

Mu ɗauki tebur mai tsayin milimita 750, samansa 900 da 600, na filawud mai kaurin 18. A ce ƙafafun sun tsaya a 45 da 45 bayan gogewa.

Tsawon ƙafa shi ne tsayin tebur a cire kaurin sama: 750 a cire 18, saura 732. Guda huɗu. Katakon 2x2 mai tsawon ƙafa 12 guda ɗaya ya isa, har da rarar da za ka yanke bakunan da suka tsage. Saman zai zarce gindin da milimita 25 ta kowane gefe, don haka gindin 850 ne da 550. Ɗamarar da ke haɗa ƙafafu, mai kaurin 20 da faɗin 90, tsawonta tsakanin ƙafa da ƙafa shi ne 850 a cire ƙafa biyu, wato 760, gajeriyar kuma 460. A nan mutane da yawa ke yin asara: sai su yanka 760 daidai, su manta da harshen da zai shiga cikin ƙafa. Ka ƙara 25 ta kowane baki, dogayen biyu su zama 810, gajerun biyu 510. In ƙafafunka sun fito 42 maimakon 45, duk lambobin ɗamarar nan sai an sake su.

Zarto ma yana cin nasa, kamar milimita 3 a kowane yanka na inji. Kada ka zana layuka huɗu a jere ka bi su da yanka, na ƙarshe zai gaza. Auna ɗaya, yanka, sannan ka auna na gaba. Mafi kyau ma ka kafa ɗan katako a matsayin birki a kan bencin aikinka, kowace ƙafa ta dafa shi kafin a yanka, duk su fito tsawo ɗaya.

Zanen Amurka da yawa suna amfani da sukuru da ake sakawa a karkace ta wani ƙarfen saiti na musamman, wanda ba ko'ina ake samunsa ba. Ba dole ba ne. Haɗin rami da harshe ya fi shi ƙarko. Harshen ya zama kaurin milimita 8, faɗin 60, tsawon 25. Ka fara huda ramin a ƙafa, milimita 10 daga gefen waje, ka gyara shi da kurfi, zurfinsa ya ɗara harshen da milimita 2 don gam ya sami wurin zama. Ka bar aƙalla milimita 20 tsakanin ramin da kan ƙafar don kada ya fashe. Sannan ka sassaƙa harshen ya dace da ramin. Haɗi mai kyau da tafin hannu yake shiga. In sai da guduma, zai tsaga ƙafar. In ya faɗa da kansa, gam ba zai cece shi ba.

Ka haɗa komai ba gam tukuna, ka duba. In ya zauna, ka warware, ka goge kowane guntu da samfefa lamba 80, sai 120, sai 180, kana bin tsawon katakon. Farin gam irin su Top Bond shi ne na wannan aiki. Evo-Stik na liƙa fomaika ne, ba ya riƙe gaɓa. Fara haɗa gajerun ɓangarorin biyu, su kwana, washegari ka haɗa su da dogayen ɗamaru. A lokacin zafi gam na fara kamewa cikin 'yan mintuna, saboda haka komai ya kasance a kusa kafin ka buɗe roba. Wanda ba shi da ƙarfen matsewa ya zagaya igiya sau biyu, ya sa sanda a tsakiya ya murɗa, da kwali a kusurwoyi don kada igiyar ta ci katakon.

Kafin gam ya kama, ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. A gindi mai 850 da 550, kowanne ya kamata ya ba ka kusan 1012. In ɗaya ya fi, ka matsa doguwar kusurwar har su yi daidai. Ka yi wannan a kan dabe mai lebur, in ba haka ba teburin zai bushe da ɗingishi. Gam da ya tsatso ka share shi da jiƙaƙƙen tsumma nan take, don inda ya bushe banish ba ya kamawa, tabo zai fito fari.

Saman kuma ta ƙasa ake ɗaure shi. Ka liƙa 'yan katakai masu kaurin 20 a cikin ɗamara, ka huda su, ka sa sukuru mai tsawon 30. Wanda ya fi haka zai iya leƙowa ta sama. In falanki ka yi saman da shi maimakon filawud, ka faɗaɗa ramukan sukurun ta faɗin katakon don ya sami wurin motsi tsakanin damina da rani. Bakin filawud a rufe shi da siririn katako.

Wajen shafe, banish siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya, ana gogewa sama-sama da samfefa mai laushi tsakaninsu. Ka shafa har ƙasan teburin, don in fuska ɗaya ce kawai a rufe, ɗayar za ta riƙa shan danshi ita kaɗai, saman ya lanƙwashe. Da hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasa ka rufe taga, in ba haka ba ƙura za ta zauna a kai. Maganin gara irin Solignum a ƙasan ƙafafu ake shafa shi bayan an gama haɗi, don gam ba ya kama katako mai maiƙo, kuma kada ya je inda abinci zai taɓa.

Hannun riga mai faɗi da injin yanka ba sa haɗuwa, ka naɗe shi ko ka sauya riga. Ka rufe hanci, musamman a kan iroko da MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, ƙurarsu na cutar da ƙirji.

In sayarwa za ka yi

Riba a wannan sana'a tana ɓuya ne a cikin yadda ka yanka filawud. Fallen filawud 1220 ne da 2440. In ka bi zanen da ya ce inci 24 da 36, wato 610 da 914, sama uku kacal za ka fitar, don biyu ba za su jeru a faɗin ba in an sa cin zarto. Ka rage shi zuwa 600 da 900, sai ka fitar da biyar: huɗu a jere biyu-biyu, na biyar a gicciye daga ragowar. Mai saye ba zai taɓa lura da wannan santimita ɗayar ba. Kullum ka zana fallen a takarda ka jera gutattsarin a kai kafin a kunna inji.

Na farkon da ka yi, ka ɗauke shi a matsayin gwaji, ka rubuta duk gyaran da ka yi a kan zanen. Daga nan ka yanka ma'auni na filawud don ƙafa da ɗamara da wurin ramuka, ka rubuta suna a jikin kowanne. Sai ka riƙa yin biyar-biyar: duk ƙafafu ashirin a zama ɗaya, duk ramuka a zama ɗaya, musamman da yake wuta ba ta da tabbas, in ta zo gara a gama aikin inji gaba ɗaya.

Kuɗin kaya ya ƙunshi katako da ƙarin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da zai lalace, kuɗin inji, dako, gam, sukuru, samfefa, banish, man janareta, da ladan awanninka, sannan riba. Ka yi lissafin da farashin kasuwa na ranar da za ka sake sayen kaya, don in ka bi na wancan watan jarinka zai riƙa zaizayewa ba ka sani ba. Aikin oda kuwa a karɓi kafin alƙalami da zai sayi kayan aiki, a rubuta awo da launi da ranar bayarwa, kowa ya riƙe nasa.

Ka karanta sharaɗin mai zanen. Wasu sun yarda ka ƙera ka sayar, wasu don amfanin gida kawai suka ba da izini, kuma kusan dukkansu sun hana a sayar da zanen kansa. Hoton tallarka ma ya zama na teburin da ka yi da hannunka, a ɗauke shi a hasken safe, da tef a gefe yana nuna tsayinsa.