Kurakuran da aka fi yi wajen saita ofset ɗin tsawon wuƙa a injin milin na CNC

Injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, ba ya ganin wuƙar da ke bakinsa. Abin da ya sani shi ne inda hancin sifindil (sandar da ke riƙe wuƙa tana juya ta) yake, sai kuma lambar da aka rubuta masa a allon ofset, wadda ke gaya masa nisan bakin wuƙa. Da zarar lambar nan ta saɓa da wuƙar da ke ciki, sai ya nufi ƙarfe da cikakken gudu, domin a lissafinsa akwai sauran fili.

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne gauraya hanyoyin awo guda biyu a aiki ɗaya. A hanya ta farko ana auna ainihin tsawon wuƙa daga layin awo na sifindil zuwa bakinta, lambar ta fito babu alamar ragi, misali milimita 120.000, a rubuta ta a H, wato gurbin tsawon wuƙar a allon ofset, sannan a rubuta nisan saman aikin daga gidan inji (inda sifindil ke komawa can sama) a Z na G54, wato gurbin sama da ƙasa na ofset ɗin aiki, misali -400.000. Inji ya haɗa biyun, ya san cewa Z0, wato saman aikin, tana -280.000. A hanya ta biyu kuwa ana sauko da kowace wuƙa ta taɓa saman aikin, a rubuta -280.000 kai tsaye a H, a bar Z na G54 a sifili. Kowace hanya daidai take ita kaɗai. Amma idan wani ya auna sabuwar wuƙa ta hanya ta biyu alhali G54 na ɗauke da -400.000, inji zai nemi zuwa -680.000. In an yi sa'a iyakar tafiyar Z ta tsayar da shi da ƙararrawa, in ba haka ba wuƙa da mariƙinta su nutse cikin aikin. Gyaran shi ne a tsaya a kan hanya ɗaya ga kowane inji, a rubuta ta a manna a jikinsa. Hanya ta farko ta fi, saboda lambar ta wuƙar ce, ba ta aikin ba: ana canja aiki ba tare da sake auna wuƙaƙe ba, kuma ana iya ɗora ruler a duba ko 120 ɗin ta yi kama da gaskiya. A injin kamfanin Haas a duba saiti na 64, wanda ke tantance ko maɓallin auna ofset zai yi la'akari da Z na ofset ɗin aiki.

Na biyu shi ne lambar H da ba ta dace da lambar T ba, wato lambar da ke kiran wuƙa. Wannan yakan faru ne idan an kwafo wani sashe na furogiram aka canja T01 zuwa T02 aka manta da H01. A ce T02 bit ɗin huda ne mai tsawon milimita 165, amma G43 H01, umarnin da ke kunna ofset ɗin tsawo, na ɗauke da 120. Bakin bit ɗin ya fi yadda inji ke zato ƙasa da milimita 45, don haka G43 H01 Z10. zai kai shi milimita 35 cikin ƙarfe, kuma da gudun G00, wato gudun tafiya mafi sauri. A mayar da shi ƙa'ida cewa T da H lamba ɗaya ce, a bincika kowane layin M06, umarnin canjin wuƙa, kafin a kunna. Haas na da saiti na 15 da ke ba da ƙararrawa idan sun saɓa, kuma babu dalilin barinsa a kashe. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne mantawa da G43 gaba ɗaya bayan canjin wuƙa, ko farawa daga tsakiyar furogiram a ƙasan layin G43. Koyaushe a fara daga layin canjin wuƙa. A kuma lura da G91 G28 Z0 da ake sawa kafin M06 don mayar da Z gida: sai an dawo da G90 bayansa, domin G91 na sa inji ya ƙirga kowace tafiya daga inda yake tsaye, G90 kuma daga sifilin aiki.

Sai awon kansa. Masu sa takarda tsakanin wuƙa da ƙarfe don gane taɓawa sukan manta cewa ita ma tana da kauri, kusan milimita 0.1. Lokacin da takardar ta fara kamawa, bakin wuƙa bai taɓa ƙarfe ba tukuna, sai an cire kaurin. Bulon awo, wato guntun ƙarfe mai sanannen tsayi, ya fi takarda, amma kada a sauko da wuƙa a kansa, domin bakin wuƙa na kabayid, mai tsananin tauri, nan da nan yake ɓantarewa, wani lokacin ido ma ba zai gani ba. A sauko da wuƙar a gefe har ta ɗan yi ƙasa da saman bulon, sannan a riƙa ɗaga ta da 0.01 kowane taki ana tura bulon a hankali, har ya zame ya shige ƙarƙashinta. Idan bulon milimita 50 ne, a cire 50 ɗin sau ɗaya kawai: ko dai a kowace H, ko a Z na G54, ba duka biyu ba. Wuƙa mai haƙora da yawa kuma a juya ta da hannu a nemo haƙorin da ya fi sauka, shi ake aunawa.

Wurin da ake taɓawa ma abin lura ne. Idan an auna duk wuƙaƙe a saman ɗanyen ƙarfe, sannan wuƙar farko ta share milimita ɗaya daga saman, shi ke nan ma'aunin ya tafi. Wata wuƙa na karyewa a tsakiyar aiki, sabuwar da aka auna za ta bambanta da sauran da milimita ɗaya cif. A zaɓi wurin da ba a yankawa, kamar saman tebur ko muƙamuƙin bayis (abin matse aiki) da ba ya motsi.

Akwai wani tarko a wajen shigar da lamba. A injin da ke da kwamfutar Fanuc, maɓallin INPUT yana maye gurbin abin da ke cikin gurbin, +INPUT kuma yana ƙarawa a kai. A Haas, F1 ne ke mayewa, ENTER yana ƙarawa. Wanda ya so rage 0.05 ya danna maɓallin mayewa, ya goge tsawon wuƙar baki ɗaya ke nan. Saboda haka ƙananan gyare-gyare a yi su a gurbin cinyewa, wato gurbin da aka ware don gyaran cinyewar bakin wuƙa, a bar gurbin tsawo yadda aka auna shi. Idan zurfin rami ya kamata ya zama 5.00 ya fito 4.95, a sa -0.05 a gurbin cinyewa, wuƙar ta ƙara sauka. Ranar da aka sa sabuwar wuƙa kuwa a mayar da gurbin sifili, don tsohon gyaran na tsohuwar wuƙa ne. A wasu injinan Fanuc, Z10 ba tare da ɗigo ba ana karanta ta 0.010, don haka a saba rubuta Z10. da ɗigonta.

Wani lokacin lambar daidai ce, wuƙar ce ta motsa. Burbushin ƙarfe ƙwaya ɗaya a jikin mazugin mariƙin wuƙa (irin BT40) ya isa ya hana mariƙi zama daram, tsawo ya ƙaru, wuƙa ta riƙa karkaɗa. A goge mazugin da cikin sifindil kafin a auna. Kolet, wato zoben da ke matse wuƙa cikin mariƙi, idan ba a ɗaure shi da kyau ba, kan bar wuƙa mai murɗaɗɗun haƙora ta zaro kanta yayin yanka mai nauyi, sai a ga zurfi na ƙaruwa daga aiki zuwa aiki. A nan ƙara gyara ofset ba magani ba ne: a kwance, a wanke kolet da goronsa, a ɗaure da sifana mai auna ƙarfi, a sake awo. Zafi ma yana taka rawa. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya na ƙaruwa da kusan milimita 0.012 a kowane digirin Celsius, shi ya sa awon da aka yi a sanyayyen inji ke kaucewa idan sifindil ya ɗumama. A ɗumama shi tukuna, sannan a auna. Na'urar auna wuƙa da ke kan tebur ita ma sai an daidaita ta da wuƙar gwaji mai sanannen tsawo, kuma idan wuƙa ta fi kan na'urar faɗi a matsar da ita gefe domin haƙori ya taɓa, ba tsakiyarta ba.

Duk wuƙar da aka taɓa ofset ɗinta, saukarta ta farko a yi ta layi-layi, a rage gudun G00 zuwa kashi 25 ko ƙasa da haka, yatsa na kan maɓallin tsayarwa. A tsaya a Z50. a duba da ido ko da bulon milimita 50. Idan allo ya nuna sauran tafiya milimita 40 amma tazarar da ke gabanka ba ta kai 20 ba, a ɗaga Z a koma allon ofset.