Kare kanka daga ƙwayar da ake cusawa a kayan matafiya

A ƙarshen 2018 hukumomin Saudiyya suka kama wata ɗaliba 'yar Kano da ta je Umara, saboda an sami tramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Jakar ba tata ba ce. Binciken hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, NDLEA, ya gano a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano aka liƙa wa jakar sunanta, amma sai da ta shafe kimanin wata huɗu a tsare kafin a sake ta a Afrilun 2019. A Saudiyya kuwa hukuncin safarar ƙwaya yana iya kaiwa ga kisa.

Wurin awon kaya nan ne hatsarin ya fi yawa. Idan tikitinka ya ba ka damar jaka biyu, ka zo da ɗaya, ragowar gurbin shi miyagu ke nema. Don haka kada ka miƙa wa kowa fasfo da tikiti ya yi maka awo, ko da ejan ɗinka ne. Tsaya da ƙafarka har a liƙa wa kowace jaka takarda, ka ƙirga 'yan takardun shaidar da aka manna maka, ka tabbatar yawansu da lambobinsu sun dace da jakunkunanka. Ɗauki hoton kowace jaka tana kan sikeli, nauyin yana fitowa. Kada ka yar da takardun nan sai ka dawo gida.

Kwaɗo a kan zif ba ya hana komai. Da tsinin biro ake ɓarka zif, a zuba abu, a ja kan zif ɗin ya koma kamar ba a taɓa ba. Naɗe jakar da leda ya fi.

Sai batun saƙo, wanda kunya ke sa mutane karɓa. Ƙullin yaji, kilishi ko gwangwanin da ba a buɗe a gabanka ba, kada ka karɓa, ko na ɗan'uwa ne.

Idan ka sauka a Saudiyya ka ga an farke ledar jakarka, kar ka ɗauke ta, kira jami'in kwastam tukuna. In aka tsare ka, kada ka sa hannu a takardar Larabcin da ba ka fahimta ba. Nemi tafinta, ka ce a sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda.