Yadda za ka samo karatu mai amfani a intanet daga Damagaram

Abin da ke ɓata wa mutane bincike shi ne rubutun suna. Yawancin abin da aka rubuta kan Nijar da Faransanci yake, don haka a Google rubuta Zinder (Damagaram), Zengou (Zango) ko Tanimoune (Sarki Tanimu) yadda ake rubutawa da Faransanci. In ka sa "kilishi" shafukan Najeriya za su cika maka waya. "Kilichi" shi ke kawo na gida.

Kan gine-gine da zanen bango na unguwannin Birni da Zango, shiga Gallica, rumbun laburaren ƙasar Faransa, ka rubuta Zinder. Kyauta ne, akwai tsofaffin hotuna da taswirori tun zamanin da garin yake babban birnin mulkin mallaka, kafin a mayar da hedikwatar Yamai a 1926. Sai dai hotunan na cin data sosai.

Siyasa kuwa kada ka tsaya wuri ɗaya. Le Sahel jaridar gwamnati ce, muryarta za ka ji. Haɗa ta da shafin labarai na ActuNiger, shirin rediyo na Studio Kalangou da DW Hausa. Duba ranar da aka wallafa labari kafin ka tura, domin abin da ke yawo a WhatsApp sau da yawa tsohon zance ne aka tono.

In rezo ya yi kyau, buɗe shafin a Chrome, taɓa ɗigo uku na sama, ka danna kibiyar da ke kallon ƙasa. Shafin zai zauna a wayarka ko data ta ƙare. Bidiyon ciki ne kawai ba ya saukowa.