Yadda Ake Haɗa Tsofaffin Hotunan Masu Suna Ɗaya Ba Tare Da An Cakuɗa Su Ba

Yanzu yayi ake, a ɗauki suna guda a jero hotunan manyan da suka amsa shi, amma yawancin masu farawa sai ka ga sun ɗora sunan wani a fuskar wani. Bari mu yi misali da Mamman tunda nan aka fi tafka kuskure.

Da farko rubuta sunayen a takarda tun kafin ka nemi hoto, kowa da garinsa da sana'arsa da shekarar rasuwa. Mamman Shata 1999, Manjo Janar Mamman Vatsa 1986, Manjo Janar Mamman Shuwa 2012, Mai Shari'a Mamman Nasir Galadiman Katsina 2019, Mamman Barka na Nijar 2018, sai Mamman Sarkin Taushin Katsina. Kar ka wuce mutum shida, in sun yi yawa kai ma ruɗewa za ka yi.

Sai nema. Ni dai ban yarda da hoton da aka turo a WhatsApp ba sai na ga inda ya fito. Tsofaffin jaridu sun fi, Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, don akwai suna a ƙasan hoto da kwanan wata a sama. In kana kusa da Kaduna leƙa Arewa House, cibiyar adana takardun tarihi. Na mawaƙa kuma bangon faifan garmaho da na kaset, wurin tsofaffin masu sayar da kaset za ka samu da araha, wani ma kyauta zai bar ka ka ɗauka da waya.

To ga inda ake faɗuwa, tantancewa. Mutum ya ga dattijo da babbar riga da makaɗa a bayansa, an rubuta Mamman Katsina kawai, shi kenan sai ya ce Shata ne. Dubi kayan kiɗan tukuna! Shata da kalangu aka san shi, Sarkin Taushi kuwa sunansa ma ya faɗa maka, taushi ne kuma mawaƙin fada ne, Barka in ka gan shi gurmi ne a hannunsa ko biram, wani babban kayan kiɗa mai tsirkiya. Sojojin nan biyu su ma haka, kaki ɗaya muƙami ɗaya, amma Shuwa shi ya jagoranci runduna ta ɗaya lokacin yaƙin basasa, Vatsa kuma hotunansa da suka fi yawo na zamanin da yake ministan Abuja ne daga 1984, don haka dubi anini a kafaɗa da waɗanda ke tsaye kusa da shi. Dokata ita ce sai hoto ya fito a wuri biyu da ba su kwafi juna ba, ko wani dattijo da ya san mutumin ido da ido ya tabbatar. In ba haka ba ajiye shi gefe komai kyansa.

Kuma don Allah a daina sa hoton a manhajar nan mai gyara fuska da sa kala, tana sauya hanci da ido har ta goge tsagar fuska, alhali da tsagar ake gane wasu.

Sauran mai sauƙi ne. Yi sikanin a 600 dpi (ma'aunin kaifin hoto ne a na'urar sikanin), kar a yi laminatin na asali don zafi na ɓata shi, rubutu a baya da fensir ban da biro. Sunan fayil ya zama cikakken suna da shekara da inda ka samo, sannan wajen ɗorawa a Facebook rubuta sunan a jikin kowane hoto daga ƙasa, don in an kwafa bayanin sama ba ya bin sa.