Kafin ka kama gida a unguwannin bakin kogin Kaduna

Idan dillali ya kai ka ganin gida a Kigo Road ko Kabala Costain ko can gangaren Unguwar Rimi a watan Fabrairu, to ka sani ba gidan ka gani ba tukuna, fenti ka gani. A lokacin kogi ya ja baya, duwatsu sun fito fili a tsakiyarsa, masu yashi na ta lodi, 'yan lambu sun cika gaɓa da alayyahu da latas, ga iska mai daɗi, sai ka ji kamar ka biya kuɗin shekara biyu nan take. Riƙe kuɗinka malam. Gidan bakin ruwa a Agusta da Satumba ake zuwa ganinsa, in kuma ba za ka iya jira ba akwai yadda za ka yi gidan ya faɗa maka gaskiya da kansa.

Fara da sanin yadda garin ya zauna, don tarihin unguwa shi ke nuna maka inda ruwa ke bi. Da Turawa suka ɗauko hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita Kaduna a 1917, ƙauyukan Gbagyi suka tarar a wurin, kuma ba su yi wauta ba, tudun da ke arewacin kogi suka zaɓa suka kafa ofisoshinsu da bariki da gidajen manyan ma'aikata. Tsallaken kogi ta kudu kuwa tashar jirgin ƙasa ce ta fara raya shi, sai masaƙu suka biyo baya, KTL a 1957, daga baya UNTL da Arewa Textiles, sai kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Su suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa da leburori, shi ya sa har gobe gidajen can yawanci irin na haya ne mai ɗakuna a jere suna kallon juna, banɗaki da kicin na kowa da kowa, haya da sauƙi amma sai ka iya zama da mutane. Masaƙun yawanci sun rufe tun shekarun 2000, gidajen dai suna nan. Barnawa ita kuma da gidajen gwamnati na ma'aikata ta tashi, titunanta a tsare, yanzu ta cika da wuraren cin abinci da otal-otal, kuɗin hayarta ma ya bi sahu. Sai Millennium City ta wajen Danbushiya, wadda sai da aka yi gada sannan filayenta suka yi daraja. Akwai kuma maganar da kowa ya sani ko ba a faɗa ba, tun rikicin 2000 mutane suka rarrabu, Musulmi suka fi yawa ta arewa, Kirista ta kudu, duk da akwai unguwannin da har yanzu ake cakuɗe. Wannan kai za ka auna da kanka da iyalinka.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, tsofaffin unguwanni a kan tudu suka fara, mutanen wancan zamanin ba sa gini a fadama, noma suke yi a cikinta. Duk layin da ka ga sabo ne kuma kana tafiya kana gangarawa wajen ruwa, to da alama gonar rake ce ko ta shinkafa a da, aka yanka ta fuloti-fuloti da gari ya cika. A unguwa ɗaya sai ka samu layin da ruwa bai taɓa shiga ba da layin da ake kwashe mutane a kwale-kwale, tsakaninsu bai fi tafiyar minti biyar ba. Don haka kar ka tambayi sunan unguwa kawai, layin za ka tambaya.

To ka shiga gidan. Kar ka fara da kallon silin da tayil, ƙasa za ka duba. Bangon da ruwa ya taɓa kwanciya a jikinsa yana barin zane, wani layi a miƙe da ya zagaye ɗakin, ƙasansa fulasta na kumbura tana fitar da fari-fari kamar kanwa, in ka shafa sai ta zubo. In an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu kawai, sama kuma tsoho, ka tambayi dalili. Duba gindin ƙofofin katako ko sun kumbura, gindin get ko tsatsa ta cinye shi, buɗe kabad ɗin kicin na ƙasa ka sansana, warin danshi ba ya ɓuya ko an fesa turare. In ka ga soket ɗin wuta duk an ɗaga su sama, ko an gina ɗan dakali a bakin kowace ƙofa sai ka tsallaka za ka shiga, ai mai gidan ya riga ya ba ka amsa. Wani mai gidan wayo gare shi, zai gyara cikin tsaf, to fita waje ka dubi katangar maƙwabta wadda ba a yi wa fenti ba da falwayar wuta ta layin, su ba wanda ya damu ya goge musu shaida.

Sannan masai da rijiya, wannan mutane na mantawa da shi kuma shi ya fi wahalarwa. Wurin da ruwan ƙasa ke kusa, da damina ramin masai cika yake ya ƙi tsotsewa, ka kora ruwa ya dawo maka, kuma in rijiya na kusa da shi to abin da ke can yana iya zuwa nan. Leƙa rijiyar ka ga zurfin ruwan, in da rani ma gaba biyu-uku na igiya ka taɓo shi, ka san yadda damina za ta kasance. Ka tambaya ko ruwan famfo na zuwa layin, da sau nawa ake kiran motar kwasar masai a shekara.

Tambaya kuma ba dillali ake yi wa ba, shi la'adarsa yake nema, ba laifinsa ba ne. Koma kai kaɗai da yamma, ka zauna wurin mai shayi ko mai kanti da ya daɗe a layin, ko masu kwale-kwale da masu yashi, su suka fi kowa sanin kogin. Kuma kar ka ce "ruwa na shiga nan?" don za a ce maka a'a, kowa na kare unguwarsa. Ce musu, ambaliyar 2003 a ina ta tsaya, ta 2015 fa? Sai ka ga mutum ya miƙe yana nuna maka tagar wani gida da hannu.

Abu biyu game da ruwan kansa. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa, saboda haka yana iya cika ya tumbatsa alhali a cikin gari ko yayyafi ba a yi ba, mutane na barci ruwa ya shigo. Na biyu, ba kullum ta gaba yake zuwa ba, in kogi ya cika ƙananan rafuka da kwalbatocin da ke zuba a cikinsa ba su da inda za su kai nasu ruwan, sai su koma da baya, gidan da ko hango kogin ba ya yi sai ka ga ya cika ta lambatu. Bi magudanar layin da ƙafa ka ga inda ta ƙare da ko shara ta toshe ta. Ka kuma duba hanyar fita, in hanya ɗaya ce tal kuma ta ratsa kwari, ranar da ta cika ba makaranta ba asibiti.

In saye za ka yi, takardar mai unguwa da shaidu ba ta isa ba. Je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, a bincika maka filin da sunan wanda ke kansa, ka kuma nemi izinin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kafin ka sauke bulo ko ɗaya, don akwai tazarar da doka ta hana gini daga bakin kogi, wanda ya shiga cikinta ana iya shafa masa jan fenti na alamar rusau komai kyan gidan. Fili mai arha fiye da na maƙwabtansa, akwai dalili. In ka samu mai tsabta, kuɗin da za ka kashe a ado zuba shi a fandisho, a ɗaga shi ya wuce inda aka nuna maka ruwa ya taɓa kaiwa, a yi ciko da jar ƙasa a daddage ta sosai, kuma kar ka toshe hanyar ruwa da katangarka ka tura wa na bayanka, rigimar da ke biyo baya ba ta ƙarewa.

Mai haya kuwa ya roƙi a rubuta a yarjejeniya wa zai yi gyara in ruwa ya shiga, da ko za a mayar masa da ragowar kuɗinsa in dole ta sa ya tashi. In bene ne ka ɗauki sama. Duk shekara kafin damina hukumomin gwamnatin tarayya NiMet da NIHSA na fitar da hasashen ruwan sama da na ambaliya, ana faɗa a rediyo, ka saurara ko an ambaci ƙaramar hukumarku, daga Agusta kuma takardun makaranta da na gida su koma cikin leda a saman kabad.